Jinyar Wanda Aka Cire wa Ƙoda: Nauyin da Ke Kan Gida

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan'uwa na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, barkanmu da taruwa.

Tun daga shekarar 2002 da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda, tiyatar ƙoda ta daina zama labarin nesa a wurinmu. Wani ƙari ko tsakuwa ne suka lalata masa ita aka cire, wani kuwa kyautarta ya yi wa ɗan'uwansa. Ko ma wane ne, 'yan kwanaki zai yi a asibiti. Sauran jinya tana gida.

Da farko mu kwantar da hankalinmu: ƙoda ɗaya lafiyayya ta ishi mutum rayuwa, domin takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin 'yar'uwarta. Sai dai ba ta da mai canzarta, don haka a tattale ta.

Na ɗaya, ɗaukar nauyi. Har kimanin mako 6, kada ya ɗaga buhun riɗi, kada ya ja guga, kada ya je kokawa da bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mace ma ta ajiye taɓarya. Amma kada a bar shi kwance wuni guda. Tattaki a tsakar gida kullum yana hana jini daskarewa a ƙafa.

Na biyu, abin da ke shiga ciki. Ya sha ruwa isasshe, musamman da bazara. A rage gishiri da ɗanɗano a miya. A nisanci Diclofenac da Ibuprofen da ake talla a faranti, domin suna cutar da ƙoda. Masu dubiya kuma, don Allah ku kawo addu'a, ku bar jiƙe-jiƙe a gida. Batun azumi, a tambayi likita tukuna.

Na uku, alamun haɗari. In aka ga zazzaɓi, ko ɗinki yana mugunya, ko fitsari ya ragu, ko ƙwauri ya kumbura, kada a jira gari ya waye, a garzaya Babban Asibitin Gumel. Ko an warke, a riƙa auna hawan jini da gwajin ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Jama'a, ba taurin kai kaɗai ke mai da majinyaci gona kafin lokaci ba. Tunanin abin sawa a tukunya ne. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta farfaɗo da gayya. A nome masa gonarsa, a biya masa kuɗin motar komawa ganin likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.