Kyanwa A Bakin Hanya



A Ingila, dokar hanya ta shekarar 1988 ta ce in direba ya buge kare, ko doki, ko jaki, ko akuya, dole ya tsaya. In bai ba kowa sunansa a wurin ba, sai ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24. Amma kyanwa ba ta cikin lissafin. Mai mota yakan take ta ya wuce abinsa, masu ita kuwa su yi ta nema ba labari.

Saboda haka masu kiwon kyanwa suna roƙon majalisa ta shigar da ita cikin dokar. Tun 2024 ma, tilas a sa wa kyanwa 'yar na'ura ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20, domin a gane mai ita. Amma in ba wanda ya tsaya, wa zai duba na'urar?

Karin Magana 12:10 yana auna adalcin mutum da yadda yake riƙon dabbarsa. Kada mu jira sai doka ta tilasta mana kafin mu tsaya. Allah ya ba mu zuciyar tausayi. Amin.