Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Jawabi Kan Lalurar Kuɓucewar Fitsari

 

Mun saba tattauna gyaran magudanun ruwa da rufin azuzuwa a wannan zaure. Yau kuwa muna neman afuwa, domin za mu taɓo abin da kunya ta daɗe tana hana mu ambata, wato kuɓucewar fitsari ba da son mutum ba. Da yawanmu mun san dattijon da ya shekara talatin a sahun gaba, ya koma salla a ɗaki. Mun san gyatumar da ta daina zuwa biki da suna, aka ce tsufa ne. Sau da yawa wannan lalura ce ta tsare su. Mu ba likitoci ba ne, alli muka riƙe, amma mun tambayi masana. Abin da muka fahimta shi ne lalurar iri-iri ce, kuma kowane iri da nasa magani.

Iri na farko shi ne ɗigon da ke zuwa yayin tari, atishawa, dariya ko ɗaga tulu. Ya fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa, saboda naman da ke tallafe da mafitsara ya saki. Maganinsa na farko motsa wannan nama ne: a matse kamar mai riƙe fitsari, a saki, a maimaita sau da dama kullum har wata 3. Wani likitan Amurka, Dokta Arnold Kegel, ya bayyana wannan hanya tun 1948, kuma ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki suna koyar da ita.

Na biyu shi ne matsuwa ta farat ɗaya, kafin a ɗauki buta an jiƙe. A nan ana horar da mafitsara ta hanyar tsawaita lokacin zuwa bayi sannu a hankali, a rage shayi da kofi da goro, wani lokaci a haɗa da magani. Ƙaurace wa shan ruwa kuwa ƙara dagula al'amarin yake yi.

Na uku ya fi damun mu dattawa maza. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara da likitoci ke kira furostet, wanda kan girma da shekaru har ya matse hanya. Mafitsara ba ta juyewa duka, sai ta cika ta riƙa tsiyaya. Ciwon sukari ma kan jawo haka. Sakaci da wannan yana iya taɓa ƙoda.

Na huɗu shi ne yoyon fitsari, wanda ba ya tsayawa dare da rana. Yawanci doguwar naƙuda ce ke huda tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, wani lokaci kuma yankan gishiri. Maganinsa tiyata ne, kuma idan an garzaya asibiti a makonnin farko, robar fitsari kaɗai kan warkar da ƙaramar huda.

Ta yaya likita ke rarrabewa? Da tambaya yake farawa: yaushe ake jiƙewa, sau nawa, bayan me? Yakan nemi a rubuta abin da aka sha da lokutan fitsari na kwana 3. Yakan auna fitsari, ya duba abin da ya rage a mafitsara da na'urar hoto. Idan yana zargin huda, sai ya zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ya ga inda zai ɓullo. Wanda ya sayi jiƙo a bakin kasuwa ba tare da wannan bincike ba, harbi yake yi a duhu.

Mu mutanen birni ba mu da uzurin nisa. Asibitin Murtala Muhammad na nan daf da Ƙofar Mata, a cikinsa akwai Cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari, ga masaukinsu a Kwalli. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara wannan tiyata a Babbar Ruga ta Katsina a 1984, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitocinmu. A 2005 an yi gangamin mako biyu a Kano, Katsina, Sakkwato da Kebbi, aka yi wa mata sama da 500 aiki. Tun 2013 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da su kowace ranar 23 ga Mayu.

Sai dai aiki bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Wadda aka ɗinke tana bukatar hutun wasu watanni daga shimfiɗar miji kamar yadda likita ya tsara, kuma haihuwarta ta gaba a asibiti za ta kasance. Tana bukatar jari da sana'a, da miji mai haƙuri. Game da ibada, littafin Risala da muka karanta a zaure ya ambaci mai wannan lalura, shari'a ta yi masa sauƙi. A tambayi malamai, kada kowa ya yanke wa kansa hukunci.

'Yan uwa mazauna birane, kuna aiko da kuɗin cefane da ɗinkin Salla, Allah ya saka. Amma gyatuma ba za ta faɗa wa ɗanta wannan a waya ba. Ku wakilta yaya ko gwaggo ta tambaye ta a keɓe, baba kuma a haɗa shi da amininsa. Muna kuma roƙon wannan ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta domin kuɗin mota da awo da magani ga marasa ƙarfi, a danƙa shi a hannun mata biyu masu riƙon sirri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.