Tukunya Biyu: Ƙaurar Ma'aikaci Tsakanin Kano da Dutse



Sa'ad da aka ba ni wannan lacca, wani abokin aikina ya tambaye ni cikin raha, wai me ya haɗa malamin Hausa da lissafin haya da kuɗin mota. Na ce masa kalmomi ne suka haɗa mu. Bahaushe yana da sunaye da dama na barin wuri. In mutum ya kwashe iyali da komatsai ya sake mazauni, ya yi ƙaura. In tsoro ko tsanani ya kore shi, ya yi hijira. In ya fita bayan kaka ya komo da faɗuwar damina, ya yi cin rani. In kuwa ya bi hanya da haja don neman riba, fatauci ke nan. Amma akwai wani irin zama da ma'aikata masu yawa suke yi a zamaninmu wanda har yanzu harshen bai raɗa masa suna ba, watau mutum ya kwana huɗu a garin aiki, ya kwana uku a garin iyali, shekara da shekaru. Ni dai tukunya biyu nake kiransa, gama albashi ɗaya ne yake hura wuta a murhu biyu. A kansa zan yi magana, kuma zan ɗauki Kano da Dutse su zama misali, domin su na fi sani.

Asalin al'amarin ƙirƙiro jihohi ne. An raba ƙasar nan jiha 12 a 1967, ta koma 19 a 1976. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, sa'an nan ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano, aka sa hedkwatarta a Dutse. Kowace sabuwar jiha kuwa tana bukatar ma'aikata tun ranar farko, sai aka raba na tsohuwar jihar bisa asalin kowa. Mahaifina yana cikin waɗanda rabon ya faɗa wa. A birnin Kano ya yi karatu, nan ya yi aure, nan aka haife mu, amma takardarsa ta ce kakanninsa mutanen ƙasar Gumel ne. Ina ɗan firamare a lokacin. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar motarsa da asubar Litinin, da kuma labarin da yakan ba mu na yadda su huɗu suke kwana a ɗaki guda, saboda Dutse a wancan lokaci hedkwatar ƙaramar hukuma ce kawai, ba ta da gidajen da za su ɗauki gwamnati sukutum. Ya ce mana shekara ɗaya za a yi haka kafin a sami gida mu koma. Sai da ya yi ritaya yana wannan hanya.

Har ila yau, ma'aikatan Jigawa sun ga ƙaura a cikin ƙaura. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, sai Gwamna Sule Lamido ya komo da su Dutse bayan ya hau mulki a 2007. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya yi nauyin jiki wajen kwashe iyali, ba na ganin laifinsa ƙwarai. Sai dai Dutsen yanzu ta bambanta da ta 1991. An buɗe Jami'ar Tarayya a can a 2011, ga tituna, ga unguwanni sababbi, ga makarantu na gwamnati da na kuɗi. Saboda haka tambayar ta zama ta gaske ga duk wanda aka ba takardar sauyin wurin aiki, ko ɗalibin da ya gama ya sami aiki a can: in kwashe iyali, ko in riƙa zuwa ina dawowa?

Galibi mutum yakan fara da haya, domin ita ce ta fi fitowa fili. Yakan tambayi kuɗin ɗaki biyu da falo a can, ya gwada da na nan, ya ga wanda ya fi sauƙi. Wannan gwaji bai isa ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan Kano ba haya suke biya ba. Suna zaune ne a sashen gidan gado, ko a gidan da suka yi shekara goma suna ɗora bulo a kan bulo. Ga irin wannan mutum, kowace haya a Dutse, kome arharta, sabon nauyi ce. Kuma haya a ƙasar nan ta shekara ake biya a dunƙule, ga la'adar dillali, ga gyaran famfo da wayar lantarki da mai gida zai ce ba ruwansa. Da can gwamnati takan ba babban ma'aikaci gida da mota. Tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da waɗannan alfarma kuɗi a cikin albashin ma'aikatan tarayya, aka shiga sayar da gidajen, wannan inuwa ta yi ta raguwa.

Batun cefane ba zan daɗe a kansa ba. Abin da aka noma a karkara, kamar gero da shinkafa da dabbar yanka, yakan yi sauƙi kusa da kasuwannin Jigawa irin su Shuwarin da Gujungu da Maigatari. Abin da ya fito daga kanti kuwa, atamfa da sabulu da kayan gyaran mota, mafi yawa daga Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari ake saro shi, saboda haka kuɗin motarsa yana kansa. In an haɗa, ribar wannan takan cike asarar wancan.

Inda lissafin yake karkata shi ne hanya. Daga Kano zuwa Dutse kilomita ɗari ne da 'yan kai, ta Mariri da Wudil. Mu ƙaddara ƙaramar mota tana shan lita 10 a kilomita 100, zuwa da dawowa lita 22 ke nan, a ƙiyasi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, farashin hukuma bai kai naira 200 ba a lita. Ko da mun ɗauke shi 200 cif, tafiya ɗaya naira 4,400 ce, huɗu a wata 17,600. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Tafiya ɗaya ta zama 22,000, huɗu a wata 88,000. A shekarar nan ta 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Ku duba da kyau: albashin ya ninka sau biyu da ɗoriya, man ya ninka sau biyar. Wanda yake shiga motar haya ma bai tsira ba, gama direba daga aljihun fasinja yake sayen mai. Shawarar da mahaifina ya yanke a 1991 tana da hujja a farashin wancan zamani. Ɗansa in ya kwaikwaye shi ba tare da ya sake lissafi ba, ya yi rawar da kiɗanta ya riga ya canza.

Hanya kuma ba mai kaɗai take ci ba. Tana cin taya da birki, tana cin jiki, wani lokaci ta ci rai. Kusan kowane tsohon ma'aikacin Jigawa zai iya ambata muku abokin aikin da aka yi wa salla saboda hatsarin safiyar Litinin ko yammacin Juma'a. Ranar Juma'ar nan kuwa ita ce ranar kasuwar Wudil, sai mai gaggawar komawa gida ya iske manyan motocin shanu sun cika bakin gada. Sa'an nan tana cin aikin gwamnati, kuma a nan ina roƙon manyan da ke zaune a gaba su yi mini haƙuri. Ofishin da ma'aikatansa suke isowa da hantsin Litinin, su fara haɗa jaka tun Alhamis da la'asar, kwana uku da rabi yake aiki a mako. Talakan da ya taso daga Birniwa ko Gwaram da takarda a hannu, aka ce masa ya dawo wani makon, shi ma ya biya nasa kason na tukunya biyu, alhali ba a yi shawara da shi ba.

Lokacin da nake karatu a Ingila na ga mutane suna tafiyar da ta kai wannan nisa kullum safiya, su komo gida da dare, ba su ɗauke ta kome ba, saboda jirgin ƙasa yana tashi a kan lokaci kuma mutum yana karatunsa a ciki. A 2021 an aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kuma a cikin tsarinsa akwai reshe zuwa Dutse. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar ma'aikata da safe ya komo da su da yamma, rabin laccar nan ya tsufa. Kafin nan dai hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu sai makaranta, wadda ita ce hujjar da aka fi bayarwa in an ƙi kwashe iyali. A nan ina so a rarrabe yara, kada a yi musu kuɗin goro. Yaro ɗan firamare ƙaura ba ta cutar da shi sosai; manhajar ɗaya ce a jihohin biyu, kuma a wannan shekaru zaman uba a gida da dare, yana duba littafinsa, ya fi masa amfani bisa sunan makarantar da yake zuwa. Wanda ya kai aji biyu ko uku na babbar sakandare kuwa, cire shi kasada ce, domin rajistar jarrabawar WAEC da NECO ta hannun makaranta ake yinta, tare da makin da ya tara a azuzuwan baya. Irin wannan gara a bar shi ya ƙarasa, ko a kwana ko a hannun dangi. Haka nan mai hadda a Islamiyya: ya saba da malaminsa, an san inda ya tsaya, in an ɗauke shi a tsakiya sau da yawa sai sabon malami ya ce a koma baya.

Akwai kuma takardar asali. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda wurin asali. Duk da haka, tallafin karatu na jiha, da gurbi a makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta kafa a 1977, da rangwamen kuɗin jami'ar jiha, yawanci takardar ƙaramar hukumar asali suke bi, ba adireshin gida ba. Ni kaina, haifaffen birnin Kano, da na tashi neman tallafin karatu sai da na tafi garin da ban taɓa kwana a cikinsa ba, aka nemo dattijon da ya san kakana ya shaide ni. Saboda haka mai iyali ya san jihar da take lissafa 'ya'yansa a cikin nata, domin wani yana tsare da yara a Kano saboda makaranta, alhali ƙofar da za ta buɗe musu da sauƙi tana Jigawa. Wani kuma akasin haka.

Saura abin da maigida ya fi mantawa da shi, domin ba ya cikin takardar albashi: uwargida. In ma'aikaciyar jiha ce, malama ko ma'aikaciyar asibiti, ba a ɗaukar aikinta a aljihu a tsallaka iyaka da shi. Sai jihar can ta yarda ta karɓe ta, kuma kowace jiha da nata tsarin fansho. In mai sana'ar cikin gida ce, ɗinki ko ƙuli-ƙuli ko sayar da atamfa bashi, jarinta na gaskiya matan unguwa ne da suka san ta, da adashin da take zubi shekara da shekaru. Ga maƙwabciyar da ake bar wa yara in za a asibiti, ga mai kanti da yake ba da shinkafa sai ƙarshen wata, ga uwa tsohuwa a cikin gari da ake leƙawa kullum. In an yi ƙaura, duk wannan sai an sake gina shi daga tushe. In kuwa ba a yi ba, ita ce za ta kwana huɗu tana uwa tana uba, ita ce mai kai yaro asibiti da tsakar dare. Ko ta wace fuska aka duba, ita take biyan kaso mafi tsoka, saboda haka lissafin da aka yi ba ta wurin, a ganina, ba a gama shi ba.

Ra'ayina, in an tambaye ni, shi ne tukunya biyu ta fi kowane zaɓi tsada, kuma mutane suna faɗa mata ne saboda ita kaɗai ce ba ta bukatar a yanke shawara. Ba na cewa kada a yi ta sam. Akwai mai tsoho a kwance, akwai mai ɗa a ajin ƙarshe, akwai wanda saura shekara biyu ya yi ritaya. Amma a sa mata wa'adi, a faɗe shi a gaban iyali: sai wance ta gama jarrabawa, sai hayar bana ta ƙare. In wa'adin ya cika, a sake zama da takarda da alƙalami da farashin mai na ranar.

Ga masu sa hannu a takardun sauyin wurin aiki kuma, ina da roƙo ɗaya wanda ba ya cin kasafin kuɗi ko kwabo. Shekarar karatu da Satumba take farawa. Takardar da ta fito a Yuli tana ba mutum dogon hutu ya nemi gida, ya nemi makaranta, ya kwashe iyalinsa gaba ɗaya. Wadda ta fito a Fabrairu, aka ce ya kama aiki cikin mako biyu, ta same shi ya riga ya biya kuɗin zango, hayarsa kuma da saura, ba abin da zai yi sai ya ɗauki tabarma da buta ya tafi shi kaɗai, yana cewa na ɗan lokaci ne.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.