Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai Mata, Kawo, Kaduna



Mai girma shugaban taro. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugabar makaranta da malamanta. Iyaye maza da mata. Sai ku 'ya'yana da muka taru dominku, barkanku da wannan rana.

A watan Yunin 1963 Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet ta zama mace ta farko da ta je sararin samaniya. Sau 48 ta kewaya duniya a kumbon Vostok 6, cikin kusan kwana uku. Kafin nan ma'aikaciyar masaƙa ce, irin waɗanda muka sani a Kakuri, tsallaken kogi. Amma Rasha da nisa, bari in dawo da ku gida.

Duk mazaunin Kawo da Mando ya saba da rugugin jiragen sojan sama. A makarantun da ke cikin sansaninsu wata yarinya ta yi firamare da sakandare, sunanta Tolulope Arotile. Asalin iyayenta Jihar Kogi, amma a Kaduna aka haife ta a 1995, don haka tamu ce, ba mai ƙwace mana ita. A 2012 ta shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. Me ta karanta? Lissafi! Darasin nan da wasunku ke jin ciwon kai ranar da ake yin sa. Na ga masu sunkuyar da kai, ba zan kama suna ba. Ta fito hafsa a 2017, aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙi, kuma ranar 15 ga Oktoban 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a tarihin Nijeriya. Matsayin ba na ado ba ne: da jirginta ta fafata da 'yan bindiga a dazuzzukan Jihar Neja.

Ajali bai same ta a sama ba. Ranar 14 ga Yulin 2020 mota ta buge ta a cikin sansanin nan na Kaduna, tana da shekara 24.

Iyaye, da ku nake yanzu, ku gafarce ni. Daga shigarta firamare zuwa hawanta jirgin yaƙi an kusa shekara ashirin, kuma ba a ce mata karatun ya isa haka ba. Takardar da yaran nan za su karɓa yau rabin tafiya ce. NDA na nan, Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama na nan, Jami'ar Jihar Kaduna na nan, duk kuɗin mota ɗaya ne daga gida. Wadda ta nuna kai a lissafi ko kimiyya, don Allah a bar ta ta ci gaba.

Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana, ya saka wa malamanku da alheri. Hajiya shugaba, bisimilla, a fara kiran sunaye.