Tsohuwar kwamfuta a kanti da biro: ina tsaron dukiya da takardu?

Jawabin da aka gabatar a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Maraɗi

 

A farkon shekarun 1990, littafin bashin ɗan kasuwa yana kwance ne cikin akwatin ƙarfe, makullinsa kuma yana cikin aljihun mai kanti. Wanda ke son ya sace shi sai ya haura katanga, ya wuce mai gadi, ya fasa kwaɗo. Yau lissafin kaya, da sunayen masu bashi, da takardun duwan da na lanho, da jerin albashin ma'aikata, duk sun koma cikin kwamfuta, ita kuwa an ɗaura ta a kan intanet. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori kuma tsofaffi ne, sun gama aikinsu a biro-biro na Turai kafin a sauke su a tashar Kwatano ko ta Lome. Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: yaushe tsufan na'ura ke zama haɗari, kuma me mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi?

Tsufan kwamfuta iri biyu ne. Akwai na jiki, wanda ido ke gani kuma kunne ke ji: fanka na gurnani, faifan ajiya na ƙara, allo na dushewa. Akwai kuma na tsarin da ke tafiyar da ita, wanda ba a gani, shi ne kuwa ya fi muni. Kowane tsari yana da ɓaraka da ake ganowa a kai a kai, kamfanin da ya yi shi kuma yana aiko da faci ta intanet domin toshe ta. Ranar da kamfanin ya daina aiko da faci, duk ɓarakar da aka gano bayan nan za ta zauna a buɗe. Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, sannan kulawar yau da kullum ta Windows 10 ta ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wanda ya shiga wani tsari na ƙarin lokaci. Windows 11 kuma ba ya karɓar akasarin na'urorin da aka ƙera kafin wajen 2018. Saboda haka kwamfuta tana iya kunnuwa lafiya lau kowace safiya, alhali kuwa ƙofarta ba ta da sakata.

Abin da ya faru a 2017 ya isa misali. A ranar 12 ga Mayu na wannan shekara, wata ƙwayar cuta ta kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150, ta kama na'urori fiye da 200.000. Aikinta shi ne ta kulle takardun mutum ta yadda ba za su karantu ba, sannan ta nemi fansar dalar Amurka 300, wato wajen jika 180 na sefa a canjin lokacin. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita, kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin takaicin shi ne, tun ranar 14 ga Maris, wata biyu kafin nan, Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe wannan ɓaraka. Galibin waɗanda abin ya shafa ba su sa shi ba ne kawai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darasi na farko ke nan: saƙon da ke fitowa a allo yana neman a sabunta tsari ba abin ɗagawa ba ne zuwa wani mako, ko da kuwa zai ci kuɗin intanet na yini ɗaya.

Makonni kaɗan bayan haka, a ranar 27 ga Yuni 2017, wata cutar da ake kira NotPetya ta taso daga ƙasar Yukiren, ta biyo ta cikin wata manhajar lissafin lanho. Cikin waɗanda ta durƙusar har da Maersk, kamfanin jiragen ruwa da duk mai shigo da kwantena ya san sunansa. Sai da kamfanin ya sake ɗora tsari a kan kwamfutoci 45.000 da manyan na'urorin ajiya 4.000, asararsa kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Wani abin lura shi ne yadda ya farfaɗo. Rajistar da ke ɗauke da sunayen ma'aikatansa da izinin shigar kowa ta goge a ko'ina, sai kwafi ɗaya tak da aka samu a biron kamfanin na ƙasar Gana, domin wuta ta ɗauke a can kafin harin, na'urar ba ta haɗe da sauran ba. Aka ɗauko faifan, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila.

Sa'a ce ta ceci Maersk, amma ɗan kasuwa yana iya shirya wa kansa irin wannan kwafi da gangan. Ƙa'idar da masana suka daɗe da yarda da ita mai sauƙi ce: kowace takarda mai muhimmanci ta kasance tana da kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da kantin. Faifan waje da aka bari a jone da kwamfuta dare da rana bai cika sharaɗi ba, domin cutar da ta kulle na ciki za ta kulle shi, gobarar da ta ci kanti kuma za ta ci shi. A jona shi ranar da aka tsayar, misali kowace Alhamis da la'asar, a kwafa, a cire, a kai gida. Sau ɗaya a wata kuma a buɗe kwafin a tabbatar takardun suna karantuwa. Wannan ba tsantseni ba ne kawai: dokar lissafi ta OHADA ta wajabta wa ɗan kasuwa ajiye littattafansa da takardun shaida har shekara 10, faifan tsohuwar kwamfuta kuwa ba abin jingina wa alƙawarin shekara 10 ba ne.

Ƙofa ta biyu ita ce akwatin intanet da ke rataye a kusurwar biro. Irin waɗannan akwatuna, da kamarorin tsaro, suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri wadda kowa zai iya samu. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta mallaki dubban ɗaruruwan irin waɗannan na'urori ta hanyar gwada kalmomi wajen 60 kacal da masu su ba su taɓa canzawa ba. Ranar da aka kafa akwati, ranar ya kamata a canza kalmarsa. A duba kuma irin kullin da ke kan wifi: WEP ya daɗe da karyewa, abin da ya dace shi ne WPA2 ko WPA3. Idan baƙi da abokan ciniki na neman intanet, a ware masu layinsu dabam da wanda kwamfutar lissafi ke kai.

Kalmar sirri kuwa tsawonta ya fi rikitarwarta amfani. Kalmomi huɗu ko biyar marasa dangantaka da juna sun fi sunan ɗan fari da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Kowane ma'aikaci ya samu tasa, domin in mutum biyar na shiga da suna ɗaya, ranar da aka taɓa lissafi babu wanda za a tambaya, kuma mai gaskiya zai sha zargi tare da mai laifi. Ranar da yaron kanti ya bar aiki, ko aka yi wa ma'aikaci canjin wuri, a rufe izininsa kafin faɗuwar rana. Ga imel da asusun banki, a ƙara mataki na biyu, wato lambar da ke zuwa ta salula. Wannan lamba ba a karanta wa kowa ita a talho, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.

Ƙofa ta uku mutum ne. Wata damfara da ta yaɗu a harkar shigo da kaya ita ce a aiko da imel da sunan mai sayarwa na Dubai ko na Sin, a ce lambar asusunsa ta canza, a biya ta sabuwa. Maganinta kiran talho ne zuwa lambar da aka saba da ita tun da, ba wadda ke rubuce cikin saƙon ba. Haka ƴar kilen USB da ke yawo daga wurin buga takardu zuwa gida zuwa biro: kada ta kusanci kwamfutar da ke riƙe da lissafi ko albashi.

Game da jikin na'ura, maƙiyansa uku ne a wannan ƙasa: zafi, ƙura da wutar lantarki mai yankewa. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka har na'ura ta riƙa mutuwa da kanta. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a nisanta ta da taga, a buɗe ta a hure ƙurar aƙalla sau biyu a shekara. Ondilar, wato akwatin da ke riƙe wuta na ƴan mintoci, batirinta yakan yi shekara uku zuwa biyar a wuri mai sanyi, zafi kuwa yana rage masa kwana ƙwarai. A gwada ta lokaci-lokaci ta hanyar cire ta daga bango. In kwamfuta ta fara manta kwanan wata, ƙaramin batiri ne mai kamar tsabar kuɗi ya mutu a cikinta, canjinsa ba shi da tsada.

To, me za a yi da tsofaffin? A fara da rubuta su cikin rajista: shekarar kowace, tsarin da ke kanta, aikin da take yi, da wanda ke riƙe da ita. Daga nan sai a kasa su uku. Wadda jikinta ke da ƙarfi, a sa mata faifan SSD, a ƙara mata ƙwaƙwalwa, in Windows ya ƙi ta a ɗora mata Linux da LibreOffice, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da yi masu faci. Wadda ba makawa sai da tsohon tsarinta, saboda wata manhaja ko na'urar buga takardu da ba ta aiki da sabo, a raba ta da intanet baki ɗaya. Wadda ta gaza kuma, a cire faifanta a fasa shi kafin a sayar ko a kyautar, domin takardar da aka share da maɓalli kawai tana iya dawowa a hannun mai gyara.

Akwai magana ta musamman ga shugabannin ma'aikatu. Sayen kwamfuta sabuwa yana da biki da hoto, kula da ita ba shi da ko ɗaya, shi ya sa kasafin kuɗi kan tuna da na farko ya manta da na biyu. Kyautar na'urori daga masu ba da agaji ma takan zo ba tare da kuɗin batiri ko na faci ba. Ya kamata kowane saye ya zo da kason kulawa na shekara-shekara, da ranar da za a sallami na'urar, da sunan ma'aikacin da za a tambaya. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, da dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019, amma hukunta ɓarawo ba ya dawo da fayil ɗin da ya goge. Malamin makarantar da ya yi shekara 30 yana aiki, in takardunsa suka salwanta cikin faifan da ba shi da kwafi, shi ne zai yi ta zarya tsakanin garinsu da Yamai yana neman shaidar fanshonsa.

Duk wanda ya koma kantinsa ko bironsa gobe da safe, abu uku ba sa buƙatar jiran kasafi: ya duba wane tsari ke kan kwamfutarsa, ya canza kalmar akwatin intanet, ya kwafi littafin bashi ya kai gida. Allah ya tsare dukiyar jama'a, ya sa albarka a cikin nema.