Jawabi kan wutar mota: a bi waya tukuna kafin a sayi sabon kaya

Maganar da za mu yi yau ta shafi duk mai shiga mota da dare, ko shi ke tuƙi ko a baya yake zaune da kayansa. Motar da fitilarta ta mutu a tsakiyar daji ba ta ganin amalanke, ba ta ganin raƙumi, mai zuwa daga baya kuma ba ya ganinta. Abin da muke so mu riƙe guda ne: in wuta ta ɓaci, a bi hanyarta daki-daki kafin a kashe kuɗi.

Mu fara da yadda wutar take tafiya. Tana fita daga kan batir mai alamar ƙari, ta ratsa fizibil, ta ratsa makunni, ta shiga ampul, sannan ta koma batir ta kan mai alamar ragi. A yawancin motoci ba a ja mata wayar komawa ba, ƙarfen jikin mota shi ne hanyarta. Wannan hanyar komawa ita makanikai ke ce wa mas. In ta yanke, fitila ba ta kamawa ko da ampul sabo ne.

A Ingila akwai motocin da ake saye gunduwa-gunduwa, mutum shi haɗa abinsa a gida. Lotus Seven da ta fito a 1957 haka anka riƙa sayar da ita, kuma a 1973 kamfanin Caterham ya karɓi aikin ƙera ta. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci jikinsu na roba ne mai tauri da zaren gilashi a ciki, wuta ba ta bi ta cikinsa. Don haka dole mai haɗawa shi ja wa kowace fitila wayar mas tata har zuwa shasi. Mu ma muna da irin wannan matsala a nan: motar da anka yi wa bodin katako, anka ɗaure fitilun baya a jikin itace, ko wadda anka tayar da kayan motoci biyu ko uku. Itace ba ya ɗaukar wuta.

To, ga yadda ake bin sawun ɓarna. Na farko, batir. Lafiyayyen batir na ƙaramar mota, in ya cika kuma injin na kashe, yana nuna bolt 12,6. In injin na aiki, ya kamata shi nuna wajen 14. Manyan kamiyo da yawa da bolt 24 suke aiki, kada a sa musu ampul na ƙaramar mota. In farin gari ya taru a kan batir, a kwance, a wanke da ruwan kanwa, a goge, a ɗaure tam, a shafa giris. Wajen kwancewa a fara da kan ragi, wajen maidawa shi ne na ƙarshe.

Na biyu, abin gwaji. Ba sai da na'ura mai tsada ba: ampul guda da waya biyu sun isa. A manna waya ɗaya a ƙarfe mai tsabta, a riƙa taɓa ɗayar a gaban fizibil, a bayansa, a makunni, har bakin fitila. Inda ampul ya daina kamawa, to ɓarnar tana tsakanin nan da wurin da ya kama na ƙarshe. In wuta ta iso bakin fitila, ampul ɗinta kuma lafiya lau, amma ba haske, mas ne. A kankare tsatsa da fenti har ƙarfe shi yi fari, a ɗaure.

Na uku, mu san alamomi. In an taka burki fitilar kwana ta kama dishi-dishi, ko fitilun baya suna lumshewa tare da ita, mas ɗin baya ne ya lalace, wuta tana neman hanya ta cikin ampul ɗin maƙwabta. In fitilar kwana tana ƙiftawa da sauri fiye da kullum, galibi ampul guda ya ƙone a wannan gefe. In fitila tana ɗaukewa duk lokacin da anka faɗa rami, wata mahaɗa ce ta yi sako-sako.

Na huɗu, kuma nan ne hatsari yake, fizibil. An yi shi siriri da gangan don shi ƙone kafin waya ta ƙone. In ya ƙone an sake ya sake ƙonewa, wata waya ce ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Wanda ya cusa takardar sigari mai ƙyalli ko guntun waya a gurbinsa ya maida wayar mota duka ta zama fizibil, ƙarshenta gobara. Dabara ita ce a sa ampul ɗin gwaji a gurbin fizibil: muddin waya na taɓa ƙarfe zai haska sosai. Sai a riƙa cire mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har haske shi ragu. A fi duba inda waya ta ratsa hudar ƙarfe babu roba.

Ga ɗan lissafi na makaranta. A raba wat da bolt, a samu amper. Ampul ɗin gaba mai wat 60 yana jan amper 5, biyu suna jan 10. In anka sa mai wat 100 don neman haske, kowane zai ja fiye da amper 8, wayar da ba a yi ta don haka ba sai ta yi zafi, makunni shi narke.

Saboda haka muna roƙon direbobinmu su ajiye fizibil da ampul na ko-ta-kwana a mota. Mu kuma fasinjoji, kafin a bar tasha da magariba, ba raini ba ne mu ce wa yaron mota shi zagaya shi duba fitilu gaba da baya. Allah shi kai kowa gida lafiya.