Kwamfutar da Ba a Ɗora wa Babbar Manhaja Ba: Abin Lura Kafin Mu Aika Gida

Jawabin Kwamitin Ilimi a babban taron shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu masu daraja, dattawan wannan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da kuka baro harkokinku a Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan taro.

Bayan godiya ga Allah da Ya sake tara mu lafiya, maganar da muke tafe da ita ta shafi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda da yawa daga cikinmu kan saya wa 'ya'ya da ƙanne, ko mu haɗa kuɗi mu saya wa makarantun da muka fito. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka yaron Ƙetare ko Daudawa ko Damari da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba, shi ne zai zauna jarrabawa guda da ɗan birnin da ya tashi ya tarar da kwamfuta a ɗakin mahaifinsa. Ƙari a kan haka, yaranmu sun sha katsewar karatu, musamman tun sace ɗalibai fiye da 300 da aka yi a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020. Ke nan duk kwamfutar da muka aika gida amana ce, bai kamata ta je ta zama kayan ado ba.

Wani ɗan'uwanmu ya ba mu labarin abin da ya same shi. Ya sayi sabuwar kwamfuta dal a kwalinta, ya ji daɗin rahusar da ya samu, ya ba direba ya kai wa ɗan wansa. Da yaron ya kunna, sai ya ga baƙin allo da 'yan haruffa suna ƙyaftawa. Aka ɗauka an cuce su. Daga baya aka kai ta wurin wani mai gyara, ya ɗora mata Windows na sata, ba a daɗe ba ta fara nauyi tana ɗaukewa, ayyukan da yaron ya tara suka salwanta.

Jama'a, mai shagon bai sayar masa da matacciyar kwamfuta ba. Abin da ta rasa shi ne babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da allo da madannai da ma'ajiya, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta su yi aiki. Misalinta kamar sabuwar mota ce da babu direba. Windows haja ce ta kamfanin Microsoft, kuma idan kwamfuta ta zo da ita, an riga an zuba kuɗin lasisinta cikin farashi. Domin sauƙaƙa farashin ne kamfanoni irin su HP da Lenovo kan fitar da wasu kwamfutocin wayam, ko da 'yar ƙaramar manhajar FreeDOS, wadda ita ce mai nuna baƙin allon nan. Yawanci akan rubuta hakan a jikin kwali, mu ne ba mu cika dubawa ba.

Wanda ya sayi irin wannan yana da hanyoyi uku a gabansa.

Ta farko, ya sayi lasisin Windows na gaskiya daga amintaccen dillali, ya karɓi rasit. Sai dai a tara kuɗin kwamfutar da na lasisin tun kafin a biya, domin wani lokaci jimillar kan zarce farashin wadda ta zo da manhajarta. Araha ba ta ado. A kuma sani cewa Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Masu sayen na hannu a Farm Centre ta Kano, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, su tambayi wannan kafin su zaro kuɗi.

Ta biyu, ya ɗora Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, aka bar ta kyauta ga kowa ya yi amfani da ita, ya kwafa, ya raba, ba tare da ya taka doka ba. Daga cikin nau'o'inta masu sauƙi akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, da kuma Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da abin da mai Windows ya saba gani. Da LibreOffice, ita ma kyauta, ɗalibi zai buga rubutu, ya yi lissafi, ya saba da madannai. Amma mu faɗi gaskiya: akwai manhajojin da ba sa aiki kai tsaye a kan Linux, kamar AutoCAD na masu karatun zanen gini, kuma masu gyaran da suka san ta ba su da yawa a yankinmu. Don haka a duba abin da yaron ke karantawa kafin a zaɓa masa.

Ta uku ita ce manhajar sata, kuma ita ce muke roƙon a guje wa. Wanda ya fasa makullin manhaja yana iya cusa mata abin da zai kwashe lambobin sirrin banki, mai kwamfutar bai sani ba. Sau da yawa kuma akan toshe mata hanyar sabuntawa domin kada asiri ya tonu, alhali cutar WannaCry da ta bazu a ƙasashe kimanin 150 a Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kwamfutocin da ba a sabunta ba ta kama. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta. Bayan doka kuma akwai tarbiyya: ba zai yi kyau mu hori yaro da riƙon amana ba, sannan mu miƙa masa kayan karatun da aka fara da sata.

Abu na gaba shi ne shiri. Ba mu manta ba, a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu guda uku, aka yi watanni babu sadarwa. Ko a lokacin da layi ke aiki, sauke babbar manhaja yana cin data mai yawa, ga matsalar wutar lantarki. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: a gama komai a birni. A ɗora manhaja, a sabunta ta, a gwada sauti da batir da hanyar shiga intanet. A sa Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. A kunna madannan Hausa domin yaranmu su rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya dace. A haɗa da filashi mai ɗauke da kwafin manhajar saboda ɓacin rana.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari uku. Duk kwamfutar da za a saya da kuɗin ƙungiya, a rubuta a rasit wace manhaja ke kanta, da lasisi ko babu. Kada a miƙa kwamfuta ga wata makaranta sai an kunna ta a gaban shugaban makarantar, an kuma ayyana malamin da zai kula da ita. Sannan muna kira ga 'ya'yanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello, su ba da sunayensu ga sakatare, domin su riƙa sadaukar da 'yan kwanaki daga hutunsu suna koyar da ƙannensu a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.